Hanyar Tanut, Inda Jarumai Ke Sauya Kakanni

Motar da ta tashi daga Zinder ta miƙi hanyar Agadas ba ta daɗewa kafin ƙasa ta soma sauya kama. Manyan duwatsun Damagaram su koma baya, itatuwa su gajarce, aduwa da ƙaya da tumfafiya su karɓe fili, gonakin hatsi kuma su yi faɗi har ido ya gaji. Bayan kamar kilomita 50 sai ga matatar man SORAZ kusa da Bakin Birji, wadda aka buɗe a watan Nuwamban 2011, tsaye ita kaɗai a tsakiyar jeji. Daga nan Sabon Kafi, sannan Tanut, kimanin kilomita 150 daga Zinder. Ta yamma akwai Belbeji, da aka yanke daga Tanut a 2011 aka ba ta gundumarta. Wannan shimfiɗa duka ita ce Damargu, kuma sunan babban garinta ya isa ya gaya wa baƙo abin da ke gaba da komai a nan: a harshen Tamajak anu rijiya ce, tanut kuwa ƴar ƙaramar rijiya. Damina gajera ce, ruwan ƙasa yana da nisa, a wurare da dama sai an ɗaura igiyar guga a jikin raƙumi ko sa ko jaki ya yi tafiya mai tsawo kafin ruwa ya fito. Dokar 1961 da ta shata iyakar noma ta arewa ta nan ta ratsa, kudu gona, arewa kiwo, ko da yake manomi da makiyayi kowa ya daɗe da ƙetare layin.

Kafin kwalta da manyan motoci, wannan hanyar ayari ce. Abzinawan Kel Ewe sukan gangaro da gishirin Bilma da dabino, su sayi gero a Damargu, su wuce Zinder da Tasawa da Kano su ɗauko turkuɗi da sauran tufa, fataken Gadamas kuma suna bi ta nan da hajar Tarabulus. Damargu ce rumbun Abzin, domin duwatsun Abzin ba sa ciyar da mutanensu. A watan Janairun 1851 Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya yi yawonsa da sunan Abdulkarim, ya iso ƙauyen Tagelel cikin ayarin gishiri na Annur, wani babban shugaban Kel Ewe, kuma a nan tawagarsu ta watse: abokin tafiyarsa Richardson ya nufi Zinder, Barth da ɗaya abokin nasa Overweg suka yi wajen Tasawa, inda su ma suka rabu. To, ayari ba gishiri kaɗai yake ɗaukowa ba. A zango, idan an sauke kaya an ɗaure raƙuma, hira ake yi, kuma a ƙasar da Dagira masu jin Barbarci da Hausawa da Abzinawa da Fulani suke shan rijiya guda, labarin kowa sai ya shiga kunnen kowa. Abin da nake son kafawa shi ne: labarin jarumi a irin wannan ƙasa zaman shari'a ne. Abin da ake yanke wa hukunci a cikinsa shi ne wa ke da rijiya, wa kuma zai gaji wa. Duk lokacin da addini ko mulki ya sauya amsar, sai a sauya wa jarumin kakanni, a bar masa aikinsa yadda yake.

Wanda ya san yadda aka gina labarin Sarki Arthur na Birtaniya da baradensa ba zai yi mamakin wannan ba. Idan ma an yi mutumin, a ƙarni na 5 ko na 6 ya rayu, amma Gildas, wanda ya yi rubutu a ƙarni na 6 har ya ambaci yaƙin Badon, bai kira sunansa ba. Sai wajen shekarar 830 wani littafin tarihin Birtaniyawa ya fito da shi a matsayin sarkin yaƙi mai nasarori 12, har da wadda ya shiga ɗauke da surar Nana Maryamu. A tsoffin waƙoƙin Wales kuwa wani mutum ne daban, mai kai hari duniyar ɓoye don ya ƙwato wata tukunyar tsafi. Wajen 1138 Geoffrey na Monmouth ya naɗa shi babban sarki, ya kuma sa ɗan ƴar'uwarsa Mordred ya ci amanarsa. Bayan shekaru kamar hamsin Bafaranshe Chrétien de Troyes ya shigo da wani akushi mai ban al'ajabi, wajen 1200 kuma Robert de Boron ya ce ai shi ne ƙoƙon da Annabi Isa (AS) ya yi jibin ƙarshe da shi, bisa imanin Kirista. A 1191 ƴan zuhudun Glastonbury, shekara bakwai bayan gobara ta cinye majami'arsu, suka yi shelar sun tono kabarin Arthur, masu ziyara suka yi ta tururuwa. Kowane zamani ya ɗora tubalinsa, ba wanda ya rushe na ƙasa. Na kawo wannan ne a matsayin madubi kawai, don abin da ke Damargu bai ari komai daga can ba.

A ɗauki Aliguran, wanda wasu ke kira Aniguran, jarumin da Abzinawa ke danganta wa zane-zanen raƙuman dawa da mahaya da ke jikin duwatsun Abzin. Babban labarinsa ba na yaƙi da baƙo ba ne, na gida ne. Duk ɗa namijin da ƴar'uwarsa ta haifa sai ya kashe shi. Da ta gaji, sai ta musanya jaririnta da na baiwarta, Aliguran ya kashe ɗan baiwa, ɗan ƴar'uwa ya tashi a cikin bayi. Sunansa Adelaseg. Hazaƙarsa ce ta tona shi, kawun ya shiga ɗana masa tarko iri-iri, har da na ƙishirwa a jeji, yaron yana kuɓuta. Abzinawan Hoggar na can Aljeriya suna da labarin da sunayen Amamellen da Eliyas, kuma Bafaranshe Hanoteau ya rubuta shi tun 1860. Bahaushen da ya tashi a gidan da ɗa ke gadon uba zai tambaya: me kawu ke tsoro a wurin ɗan ƴar'uwa? Amsar tana cikin tsarin gadon Abzinawa. A ƙabilu da yawa sarauta ta wajen uwa take bi, magajin mutum shi ne ɗan ƴar'uwarsa, ba ɗan cikinsa ba. Ibn Battuta ya ga haka a Walata a 1352, ya yi ta mamakin Musulmi masu tsare salla suna irin wannan gado, kafin ya ratsa Takedda ta yammacin Abzin a shekarar da ta biyo. Ashe Aliguran mutum ne mai kallon magajinsa yana girma a gabansa, alhali ba jininsa na kai tsaye ba ne. Kuma tunda ɗan ƴar'uwa ne ke tsira kullum, labarin ya riga ya yanke hukunci: tsohon gado ba ya mutuwa.

Bai mutu ɗin ba, sai dai ya sami sabon suna. Musulunci ya zo da rabon gado bayyananne, Abzinawa suka karɓa, amma suka ware wani kaso na dabbobi da ake bar wa mata da ƴaƴansu mata, ba a sayarwa, ba a rabawa, nononsu kawai ake sha. Suna kiransa akh iddaren, wato rayayyen nono. A wurare da dama kuma sunansa elkhabus, daga kalmar Larabci ta hubusi, wato waƙafi. Malamai suka duba, suka ga ƙofar waƙafi tana iya ɗaukar wannan kaya, suka shigar da shi ta nan. Wanda ya fahimci wannan dabara a kan garken raƙuma zai gane ta a labari.

Domin ga Amerolkis. A ruwayoyin Abzinawan Nijar da Mohamed Aghali-Zakara da Jeannine Drouin suka tattara suka buga a 1979, shi ne ƙaton mutumin farko da ya ƙago rubutun tifinag don ya riƙa aika wa mata saƙo, shi ya fara waƙa, shi ya kawo anzad, gogen nan mai tsirkiya ɗaya da mata ke kaɗawa. Sunan ba ɓoyayye ba ne ga duk wanda ya zauna gaban malami a zaure: Imru'ul Ƙaisi ne, mawaƙin Larabawan jahiliyya na ƙarni na 6, ɗan sarkin Kinda, wanda ɗalibai ke karanta ƙasidarsa don ƙwarewa a lugga. Ba shi ya ƙago tifinag ba, kuma wannan ba abin gardama ba ne, don kakan rubutun yana jikin wani dutse a Dugga ta Tunisiya tun fiye da shekara ɗari kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Abin lura shi ne wanda aka zaɓa. Mutane suna da rubutu da goge da zaman hira na samari da ƴan mata, dukkansu sun girmi Musulunci a wurinsu, malami kuma yana harararsu. Da sun danganta su ga wani sahabi, da an ƙaryata su nan take. Sai suka ɗauko Balaraben da malamin kansa ke girmama harshensa alhali ya san bai yi sallah ba. Da haka al'adar ta sami gurbi a cikin tarihin da Musulunci ya sani: an amsa cewa ta jahiliyya ce, amma jahiliyyar da ake karantawa a zaure. Ni a ganina da wuya a sami sulhu mai wayo irin wannan.

Daga kudu kuma fatake sun hau da nasu. Labarin Bayajida kowa ya san shi, shi ya sa ba a cika tsayawa a dube shi ba. Ɗan sarkin Bagadaza ne, ya biyo ta Barno, maƙeran Gaya suka ƙera masa wuƙa, ya iso Daura da dare, ya kashe macijin rijiyar Kusugu da ke hana ɗibar ruwa sai ranar Juma'a, ya auri Daurama. Macijin rijiya tsohon abu ne, na zamanin da ake yi wa iskokin ruwa yanka. Bagadaza ta Musulunci ce, birnin halifofi. Ƙashin tarihi kuwa ana gardama a kansa, har wasu masana suka ce sunan ya fito ne daga Abu Yazid mai jaki, wanda ya tayar wa Fatimiyawa a Afirka ta Arewa aka kashe shi a 947. Amma a dubi abin da labarin ya aikata: kafin baƙon, mata ke sarautar Daura, bayansa, ƴaƴan ɗansa Bawo maza. Shari'ar Aliguran ce aka sake yi, aka yanke ta ɗaya gefen, kuma a bakin rijiya aka yanke ta. Ta gabas, a Barno, ƙasar da Dagira ke jingina asalinsu da ita, sarakunan Sefawa sun ɗaura nasabarsu ga Saifu ɗan Zi Yazan na Yaman, sannan suna da Mune, wani abu a ƙunshe da ba a buɗewa, wanda Mai Dunama Dibalemi ya buɗe a ƙarni na 13 aka ce daga nan fitina ta ɓarke. Liman Ahmad ɗan Furtu, malamin fadar Mai Idris Aloma a ƙarni na 16, bai kira shi tsafi ba, ya haɗa shi ne da natsuwar da Alƙur'ani ya ambata a akwatin Bani Isra'ila. Kano ma tana da Dirki, da aka ce Alƙur'ani ne aka naɗe da fatu ana yi masa yankan shanu, har Sarki Alwali ya fasa shi, shi ne kuma sarkin da jihadi ya kora. Akushin Chrétien da ya zama ƙoƙon coci bai fi waɗannan ban mamaki ba.

Mai tarihi zai ce duk wannan gizo da ƙoƙi ne, ba kwanan wata, ba takarda, ba kabari. Gaskiyarsa a kan mutanen: ba mai iya tabbatar da an yi Aliguran, kamar yadda masana Birtaniya suka kasa tabbatar da Arthur bayan ƙarnoni na tone-tone. Sai dai ya nemi shaidar abin da labarin bai yi alkawarin bayarwa ba. Abin da ya adana shi ne rikicin, kuma rikicin yana da shaidu daga waje: Ibn Battuta ya ga gadon ɗan ƴar'uwa da idonsa, rayayyen nono yana nan a garke, rijiyar Kusugu tana nan a Daura. Ko takobin da ake rataya a ranar salla a Tanut yana ba da irin wannan darasi. Da yawa daga tsofaffin ruwan takubban Abzinawa a Solingen ta Jamus aka ƙera su, suka ƙetaro sahara, maƙeran gida suka yi musu ƙota da kube. Ba wanda zai ce takobin ƙarya ne don ƙarfensa baƙo ne.

Malami kuma zai zo ta wata ƙofar, ya ce maciji mai hana ruwa da ƙaton da ya ƙago goge ragowar jahiliyya ne, kamata ya yi a bar su su mutu. Wannan magana tana da nauyi a ƙasar da jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya tashi a kan yaƙi da haɗa Musulunci da al'adun tsafi, kuma inda ake yi wa abu yanka ana neman biyan buƙata a wurinsa, kamar Dirki, hukuncin a fili yake. Amma ba da labari daban, bauta daban. A labarin Daura ma kashe macijin aka yi, wato labarin kansa shelar ƙarshen wannan tsoro ce. Kuma magabatan malamai ba su ji tsoron tsohon zance ba: su ne suka adana waƙoƙin jahiliyya, suka karantar da su ƙarni bayan ƙarni daga Basra har Agadas da Katsina. In ba don malami ba, ina makiyayin Abzin zai ji sunan Imru'ul Ƙaisi?

Suka ta uku ta fi kusa da gida: Aliguran na Abzin ne, Bayajida na Daura, Mune na Barno, to ina na Damargu? Amsa ta farko ita ce zango ba ya rasa daraja don kayan da ke cikinsa daga nesa suka zo. Haɗuwar ita ce tasa. Amsa ta biyu kuwa Kawsan. Marubuta da yawa sun ce a Damargu aka haife shi wajen 1880, cikin Abzinawan Ikazkazan. Yana saurayi sojojin Faransa na tawagar Foureau da Lamy suka ratsa ƙasar a ƙarshen 1899. Ya yi gabas, ya shiga ɗariƙar Sanusiyya, ya dawo daga Fezzan da bindigogi har da igwa, ya yi wa barikin Faransawa na Agadas ƙawanya daga Disamban 1916 zuwa Maris 1917 da goyon bayan Sarkin Abzin Tagama. Dakarun da suka taso daga Zinder suka karya ƙawanyar, aka yi wa malaman Agadas kisan gilla, Kawsan ya ja da baya, aka rataye shi a Murzuk a 1919. Wannan mutum na tarihi ne tsantsa, akwai takardu a kansa, amma a dubi yadda ya riga ya rabu. A rahotannin Faransawa ɗan Sanusiyya ne da Turkawa suka zuga, kuma sunan da André Salifou ya ba littafinsa na 1973 ya riƙe wannan kalma ta Sanusiyya. A bakin Abzinawa da yawa, kamar yadda Hélène Claudot-Hawad ta nuna, mai dabara ne da ya koya wa mutanensa cewa yaƙin gaba da gaba don kare girma ba ya kayar da mai bindiga. A wurin ƙasar Nijar gwarzon yaƙi da mulkin mallaka ne, ga matasan da suka yi tawaye a shekarun 1990 kuma kakan gwagwarmayarsu. Shekara ɗari kacal, ga Kawsan huɗu. Arthur ya yi shekara ɗari tara kafin marubuci Malory ya tattara shi a littafin da aka buga a 1485.

Akwai sukar da ba ni da cikakkiyar amsarta, kuma gara a faɗe ta. Waɗannan labaran na masu raƙumi da takobi ne. Geron da ya mai da Damargu rumbun Abzin, talakawa da bayi da ƴantattu ne suka noma shi a ƙauyukan da manyan Abzinawa, irin su Imuzurag na ƙarni na 19, ke karɓar rabo daga gare su. A labarin Aliguran an kashe ɗan baiwa a madadin ɗan gida, kuma mai ba da labari yakan wuce wurin ba tare da ya ja numfashi ba. A na Daura, Bagwariya ƙwarƙwara ce ta haifi Karbagari, aka laƙa wa zuriyarsa Banza Bakwai. Baraden Arthur ma haka, ba ka jin sunan wanda ya noma alkamar da suke ci. Idan labarin jarumi zaman shari'a ne, to akwai waɗanda aka yanke wa hukunci ba a kira su ba. Wannan bai rushe hujjata ba, ya ma nuna cewa labarin yana yin aikin da na ce yana yi, amma ya hana a ɗauke shi a matsayin muryar kowa da kowa.

Yanzu gishiri da gero a bayan manyan motoci suke tafiya, direba ya sha shayi a Tanut ya wuce Aderbisanat a yini guda, hirar zango ta koma cikin waya. Tsofaffin da suka ji labarin Kawsan daga bakin waɗanda suka gan shi sun kusa ƙarewa. Ga cibiyar CELHTO a Yamai da aka kafa tun 1968 don tattara tarihin baka, ga cibiyar bincike ta IRSH, ga kuma jami'ar Zinder mai ɗauke da sunan André Salifou, tafiyar awa uku ba ta raba ta da Tanut ba. Ɗaliban tarihi da na harsuna su ɗauki na'urar naɗar murya su tafi Gangara da Olelewa da Tarka da Tenhiya, su naɗi labarin da Hausa da Tamajak da Barbarci da Fulatanci yadda aka faɗe shi, kada su tace macijin don kunyar malam, kada su cire Bagadaza don kunyar Bature. Su zauna da tsofaffin mata masu anzad da maƙera, sannan su nemi jikokin waɗanda suka ja guga, su tambaye su yadda aka ba su labarin ɗan baiwar nan.